Alamar ^ da ~ a package.json: wace siga npm yake ɗaukowa?

Tambaya: Malam, ni da abokin aikina package.json ɗaya muke amfani da shi, amma manhajar tana tashi a kwamfutata, a tasa kuma ta ƙi. An rubuta "express": "^4.17.1". Ashe ba siga 4.17.1 ke nan ba?

Amsa: Ba lalle ba ne, ɗan'uwa. npm shi ne kayan aikin da ke girka ƙunshi, wato shirye-shiryen da wasu suka rubuta irin su express, bisa jerin da ke cikin fayil ɗin package.json. Lambar siga gida uku ce. Ta farko tana hawa idan an yi sauyin da zai iya karya tsohon aiki, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu, ta ƙarshe kuma idan kuskure kawai aka gyara. Alamar ^ izini ce ga npm ya ɗauko mafi sabunta daga 4.17.1 zuwa sama, muddin bai kai 5.0.0 ba. Idan kai ka girka tun bara, shi kuwa jiya, mai yiwuwa abin da ke kwamfutocinku ba ɗaya ba ne. Kowa ya buga npm ls express ku gwada.

Alamar ~ ta fi ƙunci: ~4.17.1 ba ta kai 4.18.0. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne sigar da ta fara da sifili. ^0.3.1 tana tsayawa ƙasa da 0.4.0, domin ƙunshin da bai kai 1.0.0 ba yana iya sauya komai a kowane lokaci.

Sai dai duk wannan alkawari ne na mai ƙunshin, babu mai tilasta masa. A Janairun 2022 an fitar da siga 1.4.1 ta wani ƙunshi mai suna colors da ke sa manhaja ta yi ta zuba rubutu ba tsayawa, kuma masu ^1.4.0 da suka yi sabon girki sun kwaso ta.

Cire alamar ba ya wadatarwa, tunda express ma yana da ƙunshin da ya dogara da su, kowanne da nasa zangon. Maganin shi ne package-lock.json, wanda ke rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi. Ka sa shi cikin Git, ma'ajiyar fayilolin aikinku, kada ka bari ya shiga .gitignore, wato jerin fayilolin da Git ke tsallakewa, sannan ku riƙa girkawa da npm ci. Idan package.json da package-lock.json suka saɓa, npm ci zai tsaya ya nuna kuskure, ba zai yi gaban kansa ba.

In kuma ƙunshi kake wallafawa don wasu, ka bar ^ ɗin. Idan ka ƙulle siga ɗaya tak, gyaran tsaro ba zai isa ga masu amfani da shi ba sai ka sake fitar da taka sigar.