Tambaya da Amsa: Haɗa Labarin Ƙasa da Tarihin Duniya a Darasi Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya. Shugaban makarantarmu yana so a haɗa labarin ƙasa da tarihin duniya su zama darasi ɗaya a ƙananan azuzuwa, ni kuwa ina tsoron kada ɗaya ya danne ɗaya. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki goyi bayan haɗin, amma da sharaɗi. Abin ba baƙo ba ne, domin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna koyar da darussan biyu tare, bisa tsarin da suka gada daga Faransa.

Dalilina shi ne, yawancin abin da muke sa yara su haddace a tarihi ba ya zama a zuciya sai an ga wurin da ya faru. Idan kika ce wa ɗalibi an buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869, Ingila ta mamaye Masar a 1882, sannan aka gwabza yaƙi a kan mashigin a 1956, lambobin shekaru guda uku kawai kika ɗora masa. Amma idan kika kira shi gaban allo ya bi taswira da yatsa daga Landan, ya gangaro ya kewaye kudancin Afirka har ya isa Indiya, sannan ya sake bi ta Bahar Rum da Bahar Maliya, shi da kansa zai gane abin da ya sa manyan ƙasashe suka nace a kan wannan ɗan tsukin wuri.

Iyakarmu da Nijar ma haka take. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say da ke bakin kogin Neja zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, suka sake shata shi a 1898, sai Faransawa suka tarar cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Neman hanya mai ruwa yana daga cikin abin da ya sa aka gyara iyakar a 1904 da 1906, aka raba 'yan uwa masu harshe ɗaya. Yaron da bai san inda ruwan sama yake ƙaranci ba, yaya zai fahimci wannan?

Sai dai tsoronki yana kan hanya, kuma wanda aka fi dannewa shi ne labarin ƙasa, saboda tarihi yana da daɗin ba da labari. Don haka ki nemi a ware lokaci na musamman kowane mako domin karanta taswira, auna nisa, yanayi da nau'o'in ƙasa, kuma ki zauna da malamin labarin ƙasa ku tsara manhajar zangon tare tun kafin a koma karatu. A manyan azuzuwa kuwa a bar kowane darasi da malaminsa, tunda WAEC da NECO daban-daban suke jarraba su.