Hukuncin zama inda ake karantar da ra'ayin Markis a ƙungiyar ƙwadago

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaci ne a wata masana'antar roba a Kano. Shekarata shida ina aiki, har yau ban da takardar ɗauka. Shida na safe muke shiga, shida na yamma mu fito. Bara inji ya cinye wa abokin aikina yatsu uku, aka ba shi kuɗin magani na mako biyu, aka ce kada ya dawo. Daga nan muka fara haɗa kai. Akwai wani ɗan ƙwadago da yake zuwa mana ran Lahadi yana yi mana bayanin ra'ayin Markis kan jari-hujja da mulkin mallaka da yadda ake tsara ƙungiya. Wallahi Malam, in yana magana sai ka ce a bakin injinmu yake kwana. Amma Yayana ya ce gurguzu kafirci ne, wanda ya zauna wurin sai ya sake kalmar shahada. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, zamanka a wurin bai fitar da kai daga Musulunci ba, kuma haɗa kan da kuka yi don neman haƙƙinku halal ne, yana ma iya zama wajibi. Sai dai Yayanka ba a banza ya tsorata ba, don a cikin kayan da ake kawo muku akwai abin da Musulmi ba zai iya haɗiyewa ba.

Kal Markis Bajamushe ne, an haife shi a 1818, ya mutu a Landan a 1883. Ya yi shekaru yana nazarin masana'antun Ingila, inda ake sa yara ƙanana aiki tun asuba har dare. Abin da ya fitar shi ne, ma'aikaci yana samar da abin da ya fi ladansa daraja, rarar kuma mai jari ne ke kwashewa, kuma muddin akwai marasa aiki cincirindo a bakin ƙofa, wanda ke ciki ba zai iya ɗaga murya ba. Wannan na ƙarshen ba sai an je Landan ba. Na sha wucewa ta unguwannin masana'antu bayan sallar asuba, in ga samari a tsugune jikin katanga, kowa da ɗan ƙullin abincinsa a leda, suna jiran a leƙo a nuna mutum goma a sallami sauran. Wanda ya faɗi wannan gaskiya ya faɗa, ko shi wane ne. A Sahihul Bukhari, da Shaiɗan ya koya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi: ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Bai ce a jefar da maganar don bakin da ta fito ba. Allah kuma ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci.

Haka batun mulkin mallaka. Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, ya rubuta a 1916 cewa manyan masu jari da bankuna ne ke tura ƙasashensu su raba duniya don neman ɗanyen kaya da kasuwa. Mu da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, layin dogo ya iso Kano a 1911, aka ɗora haraji da kuɗin Bature har manomi ya koma noman gyaɗa don ya biya, ba ma buƙatar dogon bayani. Karanta wannan tarihi da fahimtar yadda bashin ƙasashen waje ya kawo mana tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ilimi ne na zaman duniya, hukuncinsa hukuncin ilimin likita da aka koya a hannun wanda ba Musulmi ba.

Inda muka raba gari da Markis shi ne tushe. A wurinsa babu komai bayan abin da ido ke gani, tarihi duka faɗa ne kan abin duniya tsakanin masu shi da marasa shi, addini kuwa ya kira shi banjun talakawa, abin da ke sa wanda aka zalunta ya manta zafinsa. Wanda ya ƙudurce cewa babu Mahalicci, ko wahayi ƙirƙirar mutane ne, ya kafirta, babu saɓani. Kuma abin bai tsaya a takarda ba. Tarayyar Sobiyet ta rufe dubban masallatai da makarantun addini a yankin da ya haifi Imamul Bukhari, Albaniya kuwa a 1967 ta haramta addini ɗungurungum. Wannan ne Yayanka ya ji labari, kuma gaskiya ne.

Sai maganar mallaka. Shari'a ba ta yarda cewa duk ribar mai jari sata ce ba. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, ya sanya gado da zakka, waɗanda ba su da ma'ana in babu mallakar mutum. An halatta ƙirali, wani ya kawo kuɗi wani ya kawo ƙarfi a raba riba, saboda mai kuɗin ya yarda ya ɗauki asara in ta zo. Ƙwace masana'antar wanda ya same ta ta halal haramun ne, ko da sunan talakawa aka yi. Amma kada mai jari ya yi murna da wannan magana tawa. Shari'ar da ta tsare masa dukiya ita ce ta ce a Suratul Hashri, aya ta 7, kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Ita ce ta ce mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. A hadisi ƙudusi na Bukhari, Allah ya ce shi da kansa ne abokin husumar mutum uku ran ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cif, ya hana shi ladansa. A fiƙihunmu na Malikiyya, ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san lada an san aiki ko muddarsa. To ina matsayin wanda ya riƙe mutum shekara shida ba takarda, don ya iya korarsa ran da inji ya ci hannunsa?

Akwai ƙissa a Muwaɗɗa da nake so masu masana'antu su ji. Bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da aka kai wa Sayyidina Umar, ya dubi ubangidan ya ce: ina ganin yunwa kake bar su da ita. Mai taguwar ya ce kuɗinta dirhami 400, Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninkawar, amma dubi wanda Umar ya tuhuma.

A nan dole in faɗi laifinmu, mu malamai. Muna iya yin wata guda a mumbari kan tsawon wando, ba mu yi huɗuba ɗaya kan albashin da aka riƙe wata biyar ba. Shehu Usmanu bai yi haka ba. A Kitabul Farƙi ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunansu, ya lissafa su cikin zaluncin sarakuna. Malam Aminu Kano, wanda malamin tafsiri ne, da Alƙur'ani ya yi wa talakawa magana tun zamanin jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, an kuma jefe shi da mutanensa da kalmomi irin waɗanda aka jefe ka da su. Da mun riƙe wannan gado, da ba sai wani ya zo ran Lahadi ya gaya muku cewa yatsun abokinku suna da haƙƙi ba.

Game da shiga ƙungiya tare da masu wannan ra'ayi, hujjarmu Hilful Fuduli ce. Kafin aiko shi, Annabi (SAW) ya halarci alƙawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, bayan Musulunci kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Waɗancan mushirikai ne. Saboda haka ku yi rajista, ku biya kuɗin ƙungiya, ku zaɓi shugabanni, ku rubuta buƙatunku. Yajin aiki ya halatta in an bi matakan sulhu sun ci tura, da sharaɗin ba ƙona kaya, ba lalata inji, ba dukan wanda ya ƙi shiga, ba zubar da jini. Duk ran da aka ce muku manufa ta halatta ƙarya ko kisa, ko a mai da kowane mai kuɗi abokin gaba don kawai yana da kuɗi, ku ce a'a. Usmanu ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne, kuma an yi musu bushara da Aljanna.

Kai kanka ka auna zaman naku. In bayanin lada ne da dokar ƙwadago da tarihi, zauna ka ƙaru. In aka shiga izgili da Allah ko Manzonsa ko salla, ka yi magana, in ba a daina ba ka tashi, kamar yadda aya ta 140 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni. In ka ji shubuha ta fara kama zuciyarka kuma ba ka da ilimin tunkuɗe ta, to karatun ya haramta gare ka kai kaɗai har ka nemi malami, amma aikin ƙungiyar yana nan halal. Shi mai karantar da ku ɗin, kada ka yanke masa hukunci da suna. Da yawa daga masu kiran kansu 'yan gurguzu a ƙasar nan suna salla suna azumi, bayanin tattalin arzikin kawai suka ɗauka.

Yayanka kuwa ka je ka same shi da ladabi, ka karanta masa wannan amsa, ka tuna masa hadisin da ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Sannan ku fara da abokin nan naku: ku tara masa abin da ya sawwaƙa a wannan watan, ku nemi lauya ko ofishin ƙwadago a bi masa diyyar yatsunsa.

Allah ne mafi sani.