Fim ɗin 'yan daba mai lamba 18: ɗan shekara 13 da ɗan 16 za su iya kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Agege, ina da samari biyu, ɗan shekara 13 da ɗan 16. Sun matsa mini sai sun kalli wani fim na 'yan daba da aka yi a nan Legas, wai duk ajinsu an kalla. Na leƙa tallarsa na ga adda da bindiga da jini, kuma an sa masa lamba 18. Babban ya ce fim ɗin darasi yake koyarwa, don ƙarshen 'yan dabar bai yi kyau ba. In bar su ko in hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙaramin kada ya kalla, wannan babu ja-in-ja. Babban ma shawararmu ya jira. In kuwa kin ga ba makawa, to sai bayan ke ko mahaifinsu kun riga kun kalla, kuma ya kalla a gabanku.

Lambar nan ba ado ba ce. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993, tana raba fina-finai zuwa G (na kowa), PG (da kulawar iyaye), 12, 12A, 15, 18 da RE (wanda aka taƙaita nuna shi), kuma 18 na manya ne zalla. Netflix na da nata ma'aunin: 7+, 13+, 16+ da 18+. A DStv da GOtv za ki ga haruffa kusa da lambar: V na tashin hankali, L na ashar, S na jima'i, N na tsiraici. Haruffan sun fi lambar gaya miki abin da ke ciki.

Maganar babban ɗanki kan darasi ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, don ita ce hujjar da ke kayar da iyaye da yawa. Yawan jini ba shi ne babban abin dubawa ba, yadda aka nuna ɓarnar shi ne. Wani babban bincike da aka yi kan shirye-shiryen talabijin a Amurka a tsakiyar shekarun 1990 ya fito da abubuwan da ke sa yaro ya ɗauki mugunta abin koyi: idan mai aikata ta shi ne jarumin da ake so, idan an ba shi hujja kamar ramuwar gayya, idan ya sha ba a hukunta shi ba, da kuma idan ba a nuna raɗaɗin wanda aka cuta ba. Yawancin fina-finan 'yan daba suna da uku na farkon har kusan ƙarshe. Za a shafe awa biyu ana nuna ɗan talaka ya zama oga, ga mota, ga kuɗi, kowa na rusuna masa a unguwa, sannan a harbe shi a mintuna biyar na ƙarshe. Babban mutum zai tashi da mutuwar a ransa. Ɗan shekara 13 kuwa motar da kwarjinin yake tashi da su, ya haddace takun jarumin da kalmominsa.

Ba mu ce fim kaɗai na mayar da yaro ɗan ta'adda ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne ƙaruwar zafin kai da taurin zuciya, har yaro ya daina jin komai idan ya ga ana dukan mutum, sai kuma tsoro da munanan mafarkai ga wasu. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, shi ya sa shekara uku da ke tsakanin yaranki ba ƙaramin rata ba ne.

Akwai abin da ya shafe ku musamman. Ga yaron da ke Agege ko Mushin ko Idi-Araba, wannan fim ba labarin wata duniya ba ne. Titunan ya san su, yaren ya saba ji a tasha, kuma samarin da ke karɓar kuɗi a hannun direbobin danfo yana wuce su kullum a hanyar makaranta. Fim ɗin da ya yi wa irin wannan rayuwa kwalliya ya fi shigar yaro fiye da na ƙasar waje. Idan kuma ɗanki ya taɓa ganin sara da idonsa, ko an kashe wani nasa, ko kina da shakku kan abokansa, to a rufe maganar, ko da shekarunsa 17.

Idan za ki duba fim ɗin kuma babu lokacin kallonsa duka, ki kalli minti 15 na farko, minti 10 a tsakiya da minti 20 na ƙarshe. Abubuwa huɗu ne idan kin ga ko ɗaya sai ki hana: fyaɗe, azabtarwa da kyamara ta daɗe a kai, rantsuwar shiga ƙungiyar asiri da aka nuna dalla-dalla, da haɗa ƙwaya irin su tiramadol da kodin ta yadda mai kallo zai iya koya.

Inda abin ke lalacewa shi ne a hana a talabijin, fim ɗin ya shigo ta waya. Yara na tura wa juna ta Xender da Telegram ko a memori, kuma kwafin sata ba ya zuwa da lamba ko gargaɗi. Ki buɗe wa kowane yaro shafinsa a Netflix, ki tsayar da na ƙaramin a 13+, na babban a 16+, ki kulle naki da lambar sirri mai alƙaluma huɗu. A dikoda ma ki canza lambar da ta zo da ita, don yaran sun riga sun san ta. Wayoyi su kwana a falo. Kuma ki gaya musu dalilinki ƙarara, don “na hana” kawai gidan aboki take tura yaro.

Idan kun zauna kallo da babban, a yi da rana, ƙaramin ba ya nan, rimot na hannunku. Bayan an yi kisa ku tsayar, ku tambaye shi ina uwar wanda aka kashe, wa ya ci ribar faɗan, me ya sa ogan ba ya tura ɗan cikinsa. Ku bar shi ya amsa, kada ya koma wa'azi.

A makonni biyu da za su biyo baya ki lura da barcinsa, da yadda yake wa ƙaninsa magana, da sababbin inkiya ko alamun hannu da ba ki san shi da su ba. Idan firgita ko rashin barci ko zafin rai ya haura wata guda, ku ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi.