Tambaya da Amsa: Kwamfutata Ta Cika Ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da nake buga wa ɗalibai takardu da ita a shagona, shekararta huɗu ke nan a hannuna. Tun shigowar hunturun bana ta fara ruri kamar injin markaɗe, har sai na ɗaga murya kafin abokin ciniki ya ji ni. An ba ni shawarar in cire fankar da ta fi ƙara, tunda fankoki uku gare ta. Shin hakan ba zai yi mata illa ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka cire ko ɗaya daga cikinsu. Fanka ba ta ruri haka kawai. Zafi ne yake sa ta ƙara gudu, kuma idan ka cire ta zafin yana nan, sai dai ka raba shi da abin da yake korarsa. Da zarar zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kusanci digiri 100, sai ta rage saurin aikinta don ta tsira, wani lokaci ma kwamfutar ta kashe kanta kana tsakiyar aiki.

Ambaton hunturu da ka yi ya nuna mini inda matsalar take. Ƙurar wannan lokaci tana da laushi ƙwarai, fankoki suna zuƙo ta, ita kuma ta daskare a tsakanin siraran ƙarafan da ke bisa firosesa har ta zama kamar auduga, iska ta rasa hanyar wucewa. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayarta daga soket, ka fitar da ita waje, ka buɗe murfin gefe, sannan ka hure ta da bulowa tare da taimakon buroshi mai laushi. Ka riƙe fukafukan kowace fanka da yatsa yayin hurawa, domin iska mai ƙarfi tana iya juya ta fiye da kima ta lalata ta. Amma akwatin da ke raba wuta, wanda yake da tasa fankar, daga waje kawai za ka hure shi. Kada ka kwance shi, saboda yana riƙe da ragowar wutar da za ta iya jan mutum ko bayan an zare shi daga soket.

Shekara huɗu ta isa man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe. Mai gyara zai goge tsohon ya ɗiga sabo, gwargwadon ƙwayar wake, kuma aiki ne mai araha.

Bayan haka sai ka kasa kunne, domin ba duk ƙara ce iri ɗaya ba. Idan kakkaɓi kake ji, wataƙila wata waya ce take taɓa fukafukai, ko noti ne ya saki murfin yake rawa. Idan gurnani ne mai kama da niƙa, fankar ce ta tsufa, sai a sake ta; in akwatin kwamfutar yana da gurbi, ka zaɓi mai faɗin milimita 120 maimakon 80, domin babba tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali. Ƙarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ƙas-ƙas daga rumbun ajiya mai faifai, wanda yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wannan alama ce ta cewa ya kusa mutuwa, kuma tunda ayyukan ɗalibai ne a ciki, ka kwashe su zuwa wani wuri a ranar, sannan ka maye gurbinsa da rumbun ajiya irin na SSD, wanda ba shi da abin da yake juyawa, don haka ba ya ƙara ko kaɗan.

Idan ka mayar da ita shago, kada ka ajiye ta a ƙasa inda ƙura ke taruwa, kada kuma ka cusa ta cikin durowa ko ka manna ta da bango. Ka ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi, ka riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ka kashe ta da dare, ka kuma sake hure ta idan hunturu ya wuce.