Robar da aka ɓoye a wurin shaƙatawa: mece ce, kuma yaya ake sa irinta?

Tambaya: Ina zaune a Amurka. Yarana sun tsinci wata 'yar roba mai murfi a kogon bishiya a wurin shaƙatawa na unguwarmu. A ciki akwai ɗan littafi cike da sunaye, da takarda mai cewa an ajiye ta ne don tunawa da dattijon da ya yi fafutukar kafa wurin. Mece ce wannan? Za mu iya yi wa shugaban al'ummarmu irinta?

Amsa: Malama, da farko a mayar da robar inda aka same ta, domin akwai masu nemanta. Wasa ne da ake kira jiyokashin (geocaching a Turance). Wani ya ɓoye abu, ya sa lambobin GPS (tsarin tauraron ɗan Adam mai nuna inda abu yake) na wurin a intanet, wasu su bi da waya har su gano shi, su rubuta suna da kwanan wata a littafin. Wanda ya ɗauki wani ɗan abu daga ciki sai ya bar wani a madadinsa.

Wasan ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga fararen hula. Ranar 3 ga wata, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon don gwada ko za a gano shi. Aka kuwa gano.

Kuna iya yin naku, kuma ina ƙarfafa muku gwiwa. Amma ku fara neman izinin hukumar da ke kula da wurin. Neman izinin ba abin wasa ba ne: an sha kiran 'yan sanda kan irin waɗannan akwatuna saboda an zaci bam ne. Ku sami roba mai nuna abin da ke cikinta, wadda ruwa ba ya shiga, ku rubuta a jikinta abin da take. Shafin Geocaching.com, inda ake wallafa wuraren da aka ɓoye su, ba ya yarda a tona rami a binne ta, ba a sa abinci, kuma dole ta yi nisan aƙalla mita 161 daga wata irinta. Sai mai dubawa na sa kai ya amince kafin a wallafa.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne zaɓen wuri. Ku sa ta inda aikin mutumin yake, misali kusa da bishiyoyin da ya dasa ko bencin da yake zama yana sasanta mutane. Ku rubuta tarihinsa a taƙaice, ban da talla ko kiran siyasa, don ba a karɓar su. Ku kuma shawarci iyalansa tun kafin a buga sunansa.

Sannan ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin leƙa ta lokaci-lokaci, ya canja littafin idan ya cika ko ya jiƙe. Idan ba ku da mai wannan hidima, gara ku dakata tukuna.