Amsa ga ƙanwarmu mai karatun ilimin zamantakewa

Sannu ƙanwata. Kin ce kina shekarar ƙarshe a Jami'ar Ghana da ke Legon, a gida kuma ana ta cewa AI, wato basirar na'ura, zai cinye aikin kafin ki karɓi takarda. Wallahi ciwon nan namu ne duka.

Ba zan ɓoye miki ba, takardar ita kaɗai ba ta kawo kuɗi. Alawus ɗin bautar ƙasa da aka ƙara a 2023 sidi 715 ne, kuɗin trotro (ƙaramar motar haya) daga unguwar Nima a Accra da abincin rana su cinye shi kafin wata ya raba. Aikin gwamnati sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗauka. Ƙungiyoyin agaji kuma sun rage hannu tun da Amurka ta yanke kuɗin hukumar agajinta, USAID, a 2025.

Rubuta hira daga rikodin, taƙaita rahoto, rarraba amsoshi, waɗannan na'ura ta riga ta karɓe, kada ki dogara da su. Abin da ya rage shi ne aikin fili, wato zuwa wurin mutane tattara bayanai, da tsaftar bayanan. Ko ƙidayar jama'ar Ghana ta 2021 da tablet aka yi ta. Ki buɗe KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ce ta kyauta, ki gina fom mai tambaya 30. Ki sa wa shekaru iyaka, in ba haka ba, za ki tarar da mai shekara 250. Ki sa tsallake, kada a tambayi namiji haihuwa nawa ya yi. Ki kunna GPS da lokacin farawa da gamawa: hirar minti 40 da aka gama cikin 6, a gindin bishiya aka cike ta. Sai ki koyi Excel, sannan Stata ko R, manhajojin nazarin alƙaluma. Masu sa ido kan ayyuka da tantance su, a nan albashin yake ɗan kauri.

Amma ki yi hattara da 'yan kwangilar tattara bayanai, Allah ya isa tsakaninmu da wasunsu! Su kwashi yara su kai ƙauye cikin rana, su ce biya kan kowane fom. An dawo, sai a ce rabin fom bai ci ba, ba wanda zai nuna miki kuskuren. Kuɗin mota daga aljihunki, wurin kwana daga aljihunki, wata uku kina kira ba a ɗauka, ga kunyar uwar da ta ranto miki guzuri. Kada ki hau mota sai an rubuta: nawa ne kuɗin rana, wa ke biyan mota, ranar biya, da ƙa'idar soke fom.

Hausarki da yaren Twi jari ne. Na'ura ba ta gaida Sarkin Zango, ba ta zama a tabarma da zawarawa. Kamfanonin zinariya a Obuasi da Ahafo suna da sashen hulɗa da al'umma, ki riƙa leƙa tallarsu. Kuma don Allah kada ki loda sunayen waɗanda kika yi hira da su a ChatGPT, dokar kare bayanai ta 2012 tana kanki.