Ku Tambaya: Yaya 'yan hokin ƙanƙara ke shirin kakar wasa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Kanada ya turo mini bidiyon wasan hoki da ake yi a kan ƙanƙara. Na ga 'yan wasan suna shiga suna fita kamar ana korarsu. Wai su ma suna atisaye kafin a fara kaka kamar 'yan ƙwallo, ko idan zafi ya shigo sai su zauna gida? Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba. Wannan shiga da fita da kuka gani, nan amsar take. Ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili, ya zuba iya ƙarfinsa, ya koma benci ya huta, ya sake dawowa. Don haka ba gudun dogon zango ake nema gare shi ba. Ana son ƙafa mai fizga da numfashin da ke dawowa da wuri.

A gasar NHL ta Amurka da Kanada ana kammala kaka a watan Yuni, a buɗe sansanin atisaye a tsakiyar Satumba, a fara wasa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Watannin tsakani kusan duk a busasshiyar ƙasa suke yin su: ɗaga ƙarfe, tsalle da ƙafa ɗaya, tura kaya masu nauyi, da zamiya gefe da gefe a kan wani katako mai santsi, an sa safa a kan takalmi. Matsematsi suka fi ba kulawa, domin mai takalmin ƙanƙara gefe yake tura ƙafa, kuma ciwon wurin ya sha zaunar da gwanaye. Ni sau ɗaya na taɓa ɗaura takalmin nan. Na sha ƙasa ba adadi, washegari da kyar na iya ruku'u.

Matasan da ƙungiyoyi ke son ɗauka kuwa, a birnin Buffalo ake tara su a gwada su. Akwai keken da ake tukawa daƙiƙa 30 kacal, amma wasu na sauka sai amai.

Da can ba haka abin yake ba. 'Yan Kanada kan zo sansani ne su zubar da teɓa, sai da shekarar 1972 ta koya musu hankali. Ranar 2 ga Satumba a Montreal suka kara da Tarayyar Sobiyet, waɗanda kusan shekara duka suke cikin horo irin wanda koci Anatoly Tarasov ya kafa. Kanada ta fara zura biyu, daga nan numfashi ya ƙare, aka tashi Sobiyet na da 7, Kanada na da 3. Daga baya Kanada ta lashe jerin wasannin takwas, amma da jiɓin goshi.

Yanzu sansani ya zama wurin jarrabawa. Ranar farko ganin likita, sai wasannin share fage, ana yi ana rage mutane ana tura su ƙananan ƙungiyoyi, har ya zama saura mutum 23 a ƙungiya. Ku ce wa ɗanku ya nemi tikitin wasan share fage a watan Satumba. Ya fi araha, kuma a nan zai ga yaran da ke kokawar neman gurbi.